Asibitin dabbobin da ya ɗinke Duna: yaron ya iya aiki, masu wurin sun ɓata mini rai

Masu tambayata game da asibitin dabbobin nan mai zaman kansa da na kira lokacin da Duna ya ji ciwo, ga abin da na gani. Ba zan kama suna ba, masu kiwo a Garwa sun san wurin.

Duna karen gida ne, irin namu na gargajiya. Tun yana kwikwiyo yake hannunmu, shi ke tsaron awaki da dare a nan Jambutu. Iskar farkon damina ce ta yaye kwanon maƙwabta ta jefo cikin gidanmu, ya tsaga masa cinyar baya, tsaga mai zurfi. Ya ja jiki ya shige tsakanin katanga da tulin bulo, ya ƙi fitowa. Karen da ke raka yara har bakin makarantar allo, ranar nan duk wanda ya matso sai ya yage baki yana gurnani, jiki na ɓari, kunnuwa a kwance. Ɗana ya kai hannu zai jawo shi, ya cafke shi a wuyan hannu. Maƙwabta suka taru, kowa da tasa: wannan ya ce a zuba baƙin mai, wancan ya ce a niƙa farasitamol a ba shi, wani ma ya ce ai ya haukace, a kashe shi kowa ya huta.

Na buga waya ban sa rai ba, don na san shanu da raguna ne kasuwarsu. Sai ga wani matashi a kan mashin da jakarsa a baya, kafin la'asar.

Bai fara da karen ba. Hannun yarona ya fara dubawa. Ya ce, "Baba, a kawo sabulu da ruwa, a yi ta wankewa minti 15, kar a gaji, daga nan a wuce asibitin mutane yau ɗin nan." Ya nemi katin rigakafin Duna, ya ga allurar haukan kare ta bara, ya ce duk da haka za a sa masa ido kwana 15. Ya yi wa mai cewa a kashe bayani cikin ladabi: karen da ciwo ya gigita yakan ciji ko ubangidansa, wannan tsoro ne, kuma in aka kashe shi an rasa hanya mafi sauƙi ta sanin lafiyarsa. Farasitamol kuwa ya ce yana iya lalata hantar kare, ibufurofen ya taɓa masa ƙoda da ciki.

Sannan ya kori kowa, ya bar ni kaɗai. Ya tsuguna can gefe, ya ba karen kafaɗa, bai kalli idonsa ba. Ya ce in yi ta kiran sunansa da muryar da nake kiransa cin abinci. Mun daɗe a haka, ƙafafuna har sun sage. Yana cire bulon ɗaya bayan ɗaya, ba ƙara, har ya samu hanya. Ya yi zarge da bandeji, ya zura a bakin Duna, ya ɗaure ta bayan kunnuwa, ya yi masa allurar da ta kwantar da shi. A kan buhu muka ɗauko shi zuwa inuwar darbejiya. Ya aske gashin gefen ciwon, ya wanke da ruwan gishirin asibiti har sai da ƙasa da tsatsa suka fita, ya ɗinke, ya fesa maganin ƙuda don kar su yi ƙwai tsutsa ta shiga. Da ba a samu abin hana shi lasar wurin ba, tsohon bokitin roba ya yanke gindinsa ya sanya masa a wuya. Wallahi sai da na ji hawaye. A garin da wasu ke jifan kare don nishaɗi, ga yaro yana shafa kan nawa yana ce masa sannu. Allah Ya yi masa albarka, Ya saka wa iyayensa.

Da a nan aka tsaya, da yabo kawai zan rubuta.

Da na je biya, mai karɓar kuɗi ta faɗi adadin da ya ninka abin da aka gaya mini a waya. Na nemi bayani, ta ce kuɗin fita daban, allura daban, zare daban. To me ya hana a faɗa tun farko? Rasit ma ta ce littafin ya ƙare. Maganin da suka ce dole a wurinsu zan saya, daga baya na gan shi a shagon magungunan dabbobi na kasuwa, kwali ɗaya, kamfani ɗaya, da ragin jaka 2.

Ranar cire zare ce ta fi ƙona mini rai. Su suka ba ni lokaci. Na ɗauko Duna a bayan mota cikin zafin Garwa da kowa ya sani, na tarar yaron an tura shi ƙauye wajen shanu. Babu rumfa, babu ruwa, karen yana haki, ga raguna ana shiga da su ana fita, shi kuma ya sake rikicewa ya maƙale a ƙafata. Na roƙi a ba mu ko lungu ne mu zauna. Wani babba a wurin ya ɗago ya ce, "Alhaji, kare ne fa, ya jira." Kuɗin da na biya ai ba su ce na kare ne sun ƙi karɓa ba. Kuma rai ne, Allah Ya gafarta wa bawa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, mun sha ji a wurin malamai. Wanda ya cire zaren daga ƙarshe da igiya ya shaƙe shi, ba lallashi, ba komai, har wurin ya ɗan yi jini.

Duna ya warke, yana ɗan ɗingishi da safe kawai, hannun yarona ma lafiya lau. Amma yanzu ko ƙarar buɗe mota ya ji sai ya gudu bayan awaki, abin da bai taɓa yi ba. Wanda zai kira su ya nace a turo masa matashin nan, a gama maganar kuɗi baki da baki kafin a taɓa dabbar. Allurar haukan kare ta bana kuwa ofishin dabbobi na gwamnati zan kai shi, wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya.