Gajeren sifirin ko koiloba: amsa ga mai MX-5

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: ka sa wa Mazda MX-5 ɗinka, samfurin NB (zubi na biyu), gajeren sifirin a kan shokazobar da ta zo da ita, ko ka tara kuɗi ka sayi koiloba, wato sifirin da shokazoba a haɗe masu zaren daidaita tsayi?

Gajeren sifirin irin su Eibach Pro-Kit da H&R yakan sauke mota da kamar milimita 25 zuwa 35. Kuɗinsa da sauƙi, motar za ta zauna da kyau, ta rage karkata a kwana. Sai dai tsayin da kamfani ya yanke, shi ke nan, babu ƙari babu ragi.

Abin da ya fi damuna ba sifirin ba ne, shokazobarka ce. An ƙera NB tsakanin 1998 da 2005, don haka in ta asali ce ke ciki, ta daɗe da gajiya. Gajeren sifirin ya fi na kamfani tauri, kuma aikin shokazoba shi ne ta danne tsallensa. Ka haɗa mai tauri da gajiyayyiya, sai motar ta dinga rawa bayan kowace gargada, taya na sakin ƙasa a daidai lokacin da kake buƙatar ta riƙe. Ga wani abu kuma: tazarar motsin ƙafar baya a NB da NA, samfurin da ya gabace ta, dama can gajeriya ce. Ka sauke motar, ka cinye wani ɓangare na tazarar, sai ta riƙa dukan robar tsayarwa, wato robar da ke tare ƙafar idan ta kai ƙarshen motsinta, ka ji bugun har ƙugunka. Mutane da yawa sifirin suke zagi, alhali robar ce.

Koiloba tana magance wannan domin tare aka auna sifirin da shokazobar, kuma kai za ka zaɓi tsayi, a wasu har da tauri. Kamfanonin KW, Tein da Öhlins duk suna yi wa MX-5. Amma mai kyau tana da tsada, mai arha kuwa yawanci tauri kawai gare ta, kuma zaren kan yi tsatsa ya ƙi juyawa. Mafi yawan masu saya sau ɗaya suke saitawa, ba su ƙara taɓawa.

Ni a ganina, in a titi kake tuƙi, bi hanya ta uku: gajeren sifirin da sabuwar shokazobar da aka yi dominsa, kamar Bilstein B8 ko Koni Sport, tare da gajeriyar robar tsayarwa. Koiloba sai in kana shiga filin tsere.

Ko wanne ka zaɓa, ka gaya wa bakanike kada ya ɗaure kusoshin bushin ƙafafun alhali motar na rataye a jak. Sai ta sauka, nauyinta na kan tayoyi, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri. Kada a cire sifirin ba tare da abin matse shi ba, yana iya karya hannu. Ka ɗan yi tafiya da ita sifirin ya zauna, sannan a yi alaimen, domin saukewa na sa saman taya ya karkata ciki, gefen ciki ya cinye kafin na waje. MX-5 tana da kusoshin saiti gaba da baya tun daga kamfani, ba sai ka sayi ƙarin kaya ba.