Gargaɗi ga masu gidajen gem a Kebbi: katin girafik na jabu ya shigo gari

Assalamu alaikum. Ina jan kunnen duk mai harhaɗa kwamfutar gem, musamman ƙannenmu masu gidajen gem a Birnin Kebbi, Jega da Argungu. Akwai wani mutum da ke tallar kaya a Facebook, in ka yi magana ya ja ka WhatsApp. Yana cewa kayansa gwanjo ne daga Ingila, suna sito a Legas, wai matsuwa ce ta sa ya karya farashi. Abin da ya fi turawa shi ne katin girafik (na'urar da ke sarrafa hoton da kwamfuta ke nunawa) samfurin GTX 1050 Ti na kamfanin Nvidia, da monita mai 144Hz, wato mai sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa. Sharaɗinsa ka biya duka, ya sa kaya a mota, ka karɓa a tasha.

Kayan suna zuwa kam, kuma nan muguntar take, domin wanda ya ga kwali a hannu ya kan saki jiki.

Ɗan yayata mai ɗan shago a Jega ya faɗa hannunsa, da kuɗin adashen da ya daɗe yana zubawa. Na riƙe katin da hannuna. Kwali na sheƙi, fanka biyu, an rubuta 4GB, wato girman ma'adanar katin, ɓaro-ɓaro. Ita kanta Windows sunan GTX 1050 Ti ta nuna. Amma da aka buɗe GTA V, ba a jima ba hoto ya fara yayyagewa, gem ɗin ya rufe kansa. Abin da ke ƙarƙashin fankar tsohon kati ne samfurin GTS 450 na shekarar 2010, aka sauya masa BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin katin, don ya riƙa faɗin sunan da ba nasa ba. Na gaskiyar a 2016 ya fito, da 4GB. Wancan tsohon yawanci 1GB gare shi, don haka da zarar gem ya nemi fiye da haka sai komai ya watse.

Tun kafin a jona shi ana iya kama shi. Dubi bayan katin: in ka ga shuɗin ramin nan na VGA da ake jona wayar monita, ka tsaya, domin tun daga jerin GTX 10 Nvidia ta bar wannan hanyar. In kuma an haɗo ka da faifan CD aka ce direban ciki (manhajar da ke sa katin ya yi aiki) kaɗai za ka sa, to don sabon direban Nvidia ba zai karɓi katin ba ne. Abin da ke yanke gardama shi ne manhajar GPU-Z, kyauta ce. Irin waɗannan katunan takan rubuta FAKE a gaban sunansu. Ka duba layin Shaders: GTX 1050 Ti na ƙwarai 768 ne, GTS 450 kuwa 192.

Monitar ma sitika kawai aka manna mata. Sai dai a nan kar a yi saurin zargin kowa, domin Windows kan bar monita mai kyau a kan 60Hz har sai ka shiga Advanced display ka ɗaga da kanka, kuma tsohuwar waya na iya danne ta. A gwada da wayar monita irin ta DisplayPort tukuna. Ta yaron nan ko ramin DisplayPort ba ta da shi, kuma da muka bincika lambar da ke bayanta, monitar ofis ce mai 60Hz.

Da aka kira mutumin sai ya ce wutar gari ce ta ƙona kaya. Washegari ya toshe lambar, ya canza sunan shafinsa, yana ci gaba da talla. Abin da ya fi ci min rai ke nan, don yaran da yake cuta ba masu hali ba ne, sana'a suke nema.

Don Allah kar wanda ya tura ko sisi sai an jona kaya a gabansa, ko a gaban ɗan uwan da ya yarda da shi a can, an buɗe GPU-Z, an kunna gem mai nauyi. Hoton allo da bidiyon da mai kaya ya turo ba shaida ba ne. Wanda kuma abin ya riga ya shafa, ya ajiye rasidin tiransifa da hirar WhatsApp, ya garzaya bankinsa tun da zafi, sannan ya kai ƙara wajen 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke Sakkwato.