Ledar rezin marar suna da ta zama Sherman Firefly

Cinikin biri a sama na yi, ba zan ɓoye ba. A wani shafin gwanjo na intanet na ga hoto guda ɗaya, shi ma dishi-dishi, na wasu ɓangarorin 'yar ƙaramar tankar yaƙi zube a kan tebur, an rubuta cewa kayan sauya fasalin Sherman ne, wato tankar Amurka ta Yaƙin Duniya na Biyu, a ma'aunin 1/35, ma'ana an ƙanƙanta ta sau 35. Babu kwali, babu takardar bayani, babu sunan kamfanin da ya zuba su. Mai sayarwar ya ce a cikin tarkacen wani ɗan'uwansa ya tsince su, shi kansa bai san ko na mene ne ba. Arhar ce ta ja ni. Ƙanena da ke karatu a Ingila ya karɓa, ya taho mini da ledar lokacin da ya zo hutu, yana miƙo mini yana dariya: "Yaya, wannan ɓaraguzan ka sa na ɗauko tun daga can?"

Ga wanda bai saba da wannan harka ba, irin waɗannan kaya ba cikakkiyar tanka ba ne. Sassan da suka bambanta wani samfuri da wani kawai ake zuba maka da rezin, wani ruwa mai kauri da ke daskarewa ya yi tauri a cikin mazubi, sauran kuwa, wato tayoyi da sarƙa da ƙasan gangar jiki, sai ka sayi wata cikakkiya ta roba ka ciro daga jikinta, kamar yadda bakanike ke yanka motar da ta yi hatsari don ya tayar da wata. Ni tankar yanka nake ce mata. Kuma duk wahalar tana nan: in ba ka gane abin da ke hannunka ba, ba za ka san wadda za ka yanka ba.

Na zazzage ledar a kan farin tire. Akwai kan tanka mai juyawa, da saman gangar jiki, da doguwar igwa ta alminiyom, da wani ɗan akwati mai kusurwa huɗu, da murfi biyu, da wani ɗan curi kamar ƙwayar gyaɗa da aka raba biyu wanda na kusa zubarwa don na zaci ragowar zubi ne. Igwar ce ta fara ba ni haske. Tsawonta ya wuce na Sherman na yau da kullum nesa ba kusa ba, kuma a bakinta akwai wani ƙulli mai siffar ƙwai. Na juya kan tankar, sai ga ƙarin ƙofa mai kusurwa huɗu a rufinsa, a gefen mai loda harsashi, ga kuma gurbi a ƙeya daidai faɗin ɗan akwatin nan. Nan na san Firefly ce, Sherman ɗin da Turawan Ingila suka cusa wa igwarsu ta 17-pounder mai faɗin baki milimita 76.2, don su iya fuskantar tankokin Tiger da Panther na Jamus a Normandi a 1944. Igwar ta yi wa kan tankar girma, dole aka kwantar da ita a gefenta, aka huda ƙeyar aka fitar da rediyo waje cikin akwatin ƙarfe. Curin da na kusa zubarwa kuwa, ashe ƙarfen da aka toshe ramin bindigar gaba da shi ne, domin an cire mutumin da ke zama a wurin an cika gurbinsa da harsasai, ma'aikatan tankar suka koma huɗu maimakon biyar.

Murna ta sa na yi gaggawa. Ina da Sherman samfurin M4A3 ta kamfanin Tamiya da ta daɗe a kan durowa ban taɓa ba, na ce ai Sherman duk Sherman ce. Na haɗa ƙasan jikinta, na manna ƙafafun, na ɗora saman rezin a kai don gwaji. Bayansa ya zarce da fiye da rabin santimita, yana reto a iska kamar rumfar shago. Da farko na ɗora laifin a kan mai zubin, na ce ma'auninsa ne ya kuskure. Sai da na zauna da hotunan tankokin gaske, na lura da wani tudu a kan rufin injin, bayan kai kaɗan, wanda ke rufe lagireto. Sherman M4A4 ce kaɗai ke da shi. Ita wannan samfurin, da kamfanin Chrysler ya ƙera guda 7,499 tsakanin 1942 da 1943, injinta abin kallo ne: injinan mota biyar masu silinda shida-shida aka haɗa wuri guda, silinda 30 ke nan. Bai shiga jikin Sherman na asali ba sai da aka ƙara wa jikin tsawo, aka kuma buɗa tazarar da ke tsakanin ƙafafun. Turawan Ingila suna kiran M4A4 Sherman V, wato ta biyar a lambar Romawa, harafin C kuma alama ce ta igwar 17-pounder, shi ya sa ake rubuta Firefly VC. Mai zubin bai yi kuskure ba, ni ne na yanka tankar da ba ita ba. M4A3 injin Ford gare ta, jikinta gajere ne, kuma sojojin Amurka ne suka riƙe mafi yawanta.

Da a ce kai da igwa kaɗai ke cikin ledar, da abin ya zo da sauƙi, domin an yi Firefly a kan M4 mai gajeren jiki ma, ita ce IC. Amma saman jikin nan ya riga ya yanke hukunci. Hanya biyu ta rage: ko in sayo M4A4 ta kamfanin Dragon ko ta Asuka, in biya kuɗin jirgi da ya kusa kamo kuɗin kayan, ko in tsawaita wadda na riga na ɓata. Na zaɓi ta biyu, rabi don tsimi, rabi don taurin kai. Na ɓamɓare ƙafafun, na sa siririn zarto na raba ƙasan jikin gida biyu, na cusa fallen roba a tsakani, na ƙarfafa shi ta ciki, sannan na sake auna mazaunin ƙafafu uku na kowane gefe da rula da fensir. Hancin ma sai da na canja. Na M4A3 curi ɗaya ne, na M4A4 kuwa gida uku ne da aka ɗaure da noti, ana ganin layi biyu na notin a gaba. Wani abokin wannan sha'awa ne ya aiko mini da ragowar nasa.

Sarƙa ce ta fi cin raina. Ta robar da ta zo da tankar yanka an yi ta ne don gaɓa 79, doguwar kuwa 83 take buƙata a kowane gefe. Ja ba ya maganinta. Dole na sayi irin wadda ake haɗawa ɗaya bayan ɗaya: gaɓa 166, kowace da 'yan maɗaurai biyu a gefe, 332 ke nan, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba. Dare takwas na yi a kai da hantsaki. Uku sun yi tsalle sun ɓace a cikin darduma, ɗaya kuma 'yata ce ta tsinto shi washegari maƙale a gefen hulata, ta ce, "Baba, ga ɗan ƙarfen da kake ta kuka a kai."

To, kayan su kansu fa? A nan dole in yaba. Kan tankar ya fito da ɗan kaushin nan na zubabben ƙarfe, layukan walda a jikin akwatin rediyo sirara ne tsaf, igwar kuma miƙaƙƙiya ce sak, babu layin haɗi da za ka zauna kana kankarewa kamar na roba. Aibinsu irin na tsohon rezin ne. Saman jikin ya ɗan murɗe a kusurwar hagu ta baya, sai da na tsoma shi a ruwan zafi na danne shi a kan gilashi har ya huce. Akwai ƙananan ramukan iska bakwai ko takwas a ƙarƙashin ƙeya da na cike da foti. Madogarar da igwa ke kwanciya a kai a bayan tanka ba ta cikin ledar, da waya da guntun roba na ƙera ta. Gam ɗin roba ba ya kama rezin ko kaɗan, sai sufa gulu, shi kuwa ba ya ba ka damar gyara in ka ɗora a karkace. Ƙurar rezin ma ba ta da kyau ga huhu, don haka a jiƙe nake goga sanfefa, da takunkumi a hanci.

In aka tambaye ni ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, ta fuskar aljihu ba ta biya ba. Da na haɗa kuɗin ledar da na tankar yanka da na sarƙa, sun zarce kuɗin cikakkiyar Firefly VC ta Asuka ko ta Rye Field Model, wadda komai nata ke cikin kwali ɗaya har da takardar bayani. Irin wannan leda ta yi tashe ne a zamanin da samun cikakkiyar ke da wuya. Wanda yake son Firefly kawai a kan kanta, ya sayi cikakkiya ya huta. Wanda kuma binciken da yankan ne ke masa daɗi, kamar ni, ya saya, amma ya nemi mai sayarwa ya ɗauko masa hoton rufin injin da na hanci, da rula a gefe, kafin ya taɓa kowace tankar yanka.

Yanzu tana nan tsaye a kan ƙafafunta cikin kwali, da farar shimfiɗar fenti kawai. Ina jiran ƙurar hunturu ta lafa kafin in fesa mata kore, sannan in yi wa rabin igwar na gaba zanen nan mai kama da igiyar ruwa da ma'aikatanta ke yi don Jamusawa su zaci gajera ce. Kai da saman jikin M4A3 da suka rage suna cikin gwangwanin madara, ba su da ƙafa.