Kafin ka sayi suwich na rumbun ajiya a Saudiyya

Saura wata uku aikin Hajji, wani Alhaji mai kamfanin masaukin alhazai ya kira ni ofishinsa a Jidda. Ya shimfiɗa takardun farashi biyu a kan tebur, ya ce: "Injiniya, wannan ya ce Fibre Channel, wancan ya ce iSCSI, kuɗin kuma sun yi hannun riga. Wanne ne na gaskiya?" Saba uku gare shi, wato manyan kwamfutocin da ke gudanar da aikin kamfanin, da rumbun ajiyar bayanai ɗaya, kuma a cikin rumbun nan hotunan fasfo, bayanan biza da lissafin ɗakuna suke. Suwich, wato na'urar da ake jona wayoyinsu a ciki don ta haɗa su, shi yake nema. Amsar da na ba shi ita zan ba duk ɗan'uwan da ke aikin kwamfuta a ƙasar nan.

Na ce masa, ranka ya daɗe, kafin mu zaɓi iri, mu fara yarda cewa suwich biyu za mu saya. Rumbun ajiya ba kamar intanet ɗin ofis ba ne da in ya yanke za a ɗan jira. In hanyar saba zuwa rumbu ta katse, komai ya tsaya cak, wani lokaci ma bayanan da ake cikin rubutawa su lalace. Shi ya sa ake shimfiɗa hanya biyu, kowace saba da waya ɗaya zuwa suwich na farko, ɗaya zuwa na biyu, haka shi ma rumbun. Ƙanana biyu sun fi babba ɗaya, ko da babban ya fi suna. Wanda kuɗinsa bai kai na biyu ba, gara ya sauko zuwa iri mai araha ya sayi biyu.

Fibre Channel hanya ce da aka gina don ajiya kaɗai, ba ta ɗaukar komai sai zancen saba da rumbu, kuma an tsara ta yadda ba ta zubar da bayanai in cunkoso ya yi yawa. Gudunta hawa-hawa ne: gigabit 8, 16, 32, sai 64 a kowace daƙiƙa. Kasuwarta kusan a hannun kamfani biyu take, Brocade wanda Broadcom ya saya a 2017, da Cisco mai jerin MDS. Da yawa daga cikin waɗanda za ka gani da tambarin HPE, Dell ko Lenovo, Brocade ne aka sauya wa riga. In an kafa ta daidai, sai ta yi shekaru ba ka tuna da ita ba. Bankuna da manyan asibitoci ba don ado suke riƙe da ita ba.

Amma farashin da ke saman takarda ba shi ne kuɗinta ba. Ɗauki Brocade G610: kafa 24, wato ramukan jona waya, za ka ƙirga a fuskarsa, amma ana iya sayar maka da shi takwas kacal ke aiki, sauran sai ka sayi lasisi, takwas-takwas. Kowace kafa kuma tana buƙatar ɗan ƙarfen nan da ake cusawa, SFP, wanda ke mayar da bayanai haske, kuma suwich ɗin Brocade nasa yake karɓa, ba na kowa ba. Sannan kowace saba sai an sa mata kati na musamman, HBA. Ka tara waɗannan, ka ɗora harajin kashi 15 cikin 100 da ake biya tun watan Yulin 2020, sannan ne za ka ga ainihin abin da zai fita daga aljihu. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 kowace dala, don haka lissafin kayan waje ba ya wahala, kuma in an tsuga maka za ka gane.

Na taɓa karɓar aikin da wani ya bari, inda aka sayo suwich na hannu da araha. Muka jona waya ta tara, fitilar kafar ta ƙi kamawa. Muka sauya waya, muka sauya SFP, shiru. Sai da na shiga cikinsa na ga lasisin kafa takwas ne kawai. Mai kamfanin ya yi zaton ya ci riba, ƙarshe ya biya sau biyu, abin ya ba ni tausayi ƙwarai. Kayan hannu da ake tallatawa a shafin saye da sayarwa na Haraj ko a shagunan kwamfuta na Ulayya a Riyad ba laifi ba ne, amma ka sa a kunna a gabanka, ka ga lasisi da idonka, ka kuma sani sabunta manhajarsa na buƙatar yarjejeniyar tallafi.

Ita iSCSI a kan Ethernet, hanyar haɗa kwamfutocin ofis da muka saba, take tafiya. Katin saba na gigabit 10 ko 25 ya wadatar, kuma duk yaron da ya iya saita suwich na ofis zai kama ta cikin sauƙi. Ga kamfani irin na Alhaji, ita nake zaɓa ba tare da jinkiri ba. Sharaɗina ɗaya: kada a cakuɗa ta da kyamarori da wayoyin ma'aikata. A ware mata suwich nata, kuma ya zama na ɗakin saba mai wadataccen wurin tara bayanai lokacin cunkoso, ba ɗan ƙaramin da ake ajiyewa ƙarƙashin tebur ba. In za ka ɗaga girman ƙunshin bayanan da ake aikawa a tashi ɗaya (MTU) zuwa bayit 9000, to ka ɗaga a saba, a suwich, a rumbu, duka uku. Ka manta ɗaya, sai ka ga haɗi ya kama amma aiki na jan ƙafa.

Waya ita ce inda aka fi yin sakaci. In komai a kabad ɗaya yake, wayar tagulla mai kawuna a haɗe, DAC, ta fi araha da sauƙi ga Ethernet, amma 'yan mitoci kaɗan take zuwa, kuma sai ka tabbatar suwich ɗin da katin sun yarda da ita. Wayar tagulla ta Cat6a tana kai gigabit 10 har mita 100, sai dai kafofinta sun fi cin wuta da fitar da zafi, kuma a garin da na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa wannan abin dubawa ne. Faiba kuwa, wayar da haske ke bi ta cikinta, kala-kala ce. OM3 da OM4 na cikin gini ne: a Fibre Channel mai gudun 32, OM3 na kai mita 70, OM4 mita 100, a gudun 16 kuma mita 100 da 125. Ni OM4 nake saye ko da tazarar gajeriya ce, saboda gobe za a ƙara gudu. Rawayar nan, OS2, ta tsakanin gine-gine ce, tana zuwa kilomita 10 da SFP irin nata. Kada ka haɗa rawaya da SFP na gajeren zango.

Ƙura ce babbar abokiyar gabar faiba a nan. Bakin wayar ya fi gashin kai siranta inda hasken ke wucewa, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta dusashe shi. Kada ka cire 'yar hular bakin sai lokacin da za ka cusa, ka goge da alƙalamin gogewa, kada ka hura da baki ko ka shafa a riga. Kada ka lanƙwasa ta da ƙarfi, kada ka ɗaure ta tamau da igiyar roba, maɗaurin ƙyalle mai mannewa ya fi. Ka sa kala ɗaya ko lamba ɗaya ga hanyar farko, wata ga ta biyu, a manna suna a kowane baki.

Abu biyu ka tambaya kafin a rubuta fatura. Ta ina suwich ɗin ke shaƙar iska, ta ina yake fitarwa? Akwai iri biyu, kuma in ka sayi wanda ya saɓa wa sabobinka, zai riƙa shaƙar zafin da suke fitarwa. Na biyu, garantin na cikin ƙasar nan ne, kuma in ya mutu ana tsakiyar Zulhajji, cikin awa nawa za a kawo madadi? Ka nemi mai akwatin wuta biyu, kowanne a layinsa.

In dai Fibre Channel ɗin ka zaɓa, akwai aikin raba yankuna, wato tsara wace saba ce za ta iya magana da wace kafar rumbu. Kowace kafar kati tana da lambarta, WWPN, kuma ƙa'ida ita ce kafar saba ɗaya a yanki ɗaya tare da kafofin rumbun da take buƙata. A Brocade, bayan ka gama sai ka buga cfgenable don tsarin ya fara aiki, ka kuma kwafe shi ka adana a wani wuri.

Alhaji ya sayi suwich biyu na Ethernet da wayoyin DAC, da faiba OM4 guda biyu na ko-ta-kwana. Ranar da muka gama, na ce ya zare wayar wutar suwich na farko da hannunsa, ma'aikata na tsakiyar shigar da sunayen maniyyata. Ya dube ni, ya yi bismilla, ya zare. Muka leƙa ofis, kowa na ci gaba da bugawa. Muka mayar, muka jira hanyoyi suka dawo, sannan muka zare na biyu.