Sharhi a kan wayoyin fulogi masu kan tangaran a motar tafi-da-gidanka

Wayoyin fulogi masu kan tangaran, tare da rigunan zaren gilashi da ake zura musu, kaya ne masu inganci waɗanda suka cancanci kuɗinsu, amma duk wanda ya saye su bai gyara saitin injinsa ba, jinkirta ƙonewar wayoyin kawai ya yi. Wannan shi ne ra'ayina bayan na yi amfani da su tun daga zafin bazara har damina ta yi nisa, a kan hanyar da na fi bi, wato daga Kaduna zuwa gonata da ke yankin Saminaka, wani lokaci kuma har Jos.

Motar tawa ƙirar Amurka ce ta shekarun 1980, mai ɗakin kwana da madafi a ciki, an ɗora ta a kan ƙashin Chevrolet P30, injinta kuma shi ne 454 mai silinda takwas, wanda girmansa ya kai lita 7.4, yana aiki da kafireta da distiributa, wato na'urar da ke raba wa fulogai wuta. A irin waɗannan motoci injin yana zaune ne a cikin wani akwati tsakanin kujerar direba da ta gefensa, inda iska ba ta ratsawa sosai, ga shi kuma yana jan nauyin gida guda a kowane lokaci. Fulogan suna kusa da bakin salansa ƙwarai, har a wasu silindoji tazarar da ke tsakanin kan wayar da ƙarfen manifol, wato bututun da ke kwashe hayaƙi daga silindoji zuwa salansa, ba ta wuce faɗin yatsa biyu ba. Hayaƙin da ke fita daga injin fetur idan yana jan kaya a hawa yakan kai digiri 700 zuwa 800 a ma'aunin Salshiyos, alhali robar silikon da ake lulluɓe wayoyi masu kyau da ita ba ta jure abin da ya wuce digiri 250 da ɗoriya na dogon lokaci.

Alamar matsalar ba ta ɓuya ga wanda ya san motarsa. Injin yakan tashi lafiya da safe, ya yi sulo daidai, amma da zarar an wuce Pambeguwa rana ta take, sai ya fara misin, wato wata silinda ta riƙa ƙin kama wuta, ƙarfinsa ya ragu, wani lokaci salansa ta yi harbi. Wayoyin da na riƙa saye a kasuwa, waɗanda ba su da wani suna a jikinsu, idan aka ciro su sai a ga kawunansu sun yi fari sun tsattsage, suna marmashewa a hannu kamar ƙanzo. Da dare, idan aka ɗaga murfin akwatin injin aka kashe fitilu, ana ganin shuɗin tartsatsi yana tsalle daga tsagar wayar zuwa ƙarfen manifol, domin wutar da kwayil ke turawa ta haura volt 20,000, kuma duk inda ta sami hanya mafi sauƙi nan take bi, ta bar fulogin babu wuta.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan sharhi shi ne aikin da wani dattijon bakanike ya yi mini a Kurmin Mashi kafin a ɗaura sababbin wayoyin. Da na miƙa masa kwalin, bai ko buɗe shi ba, ya ce: "Alhaji, a ajiye wannan tukuna. Wutar da ke cin wayar nan daga cikin inji take fitowa, bari mu ga dalilin da ya sa salansarka take yin ja." Ya ɗauko fitilar duba taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, abin da ba kasafai nake gani a garejojinmu ba, inda akasari da kunne ake saita distiributa, ya haska a kan fulin gaba, nan take ya nuna mini cewa wutar tana makara. Wani da ya taɓa injin a baya ya mayar da taimin baya domin ya kashe ƙarar ƙwanƙwasar da injin ke yi a hawa, sannan ƴar robar da ke cikin gwangwanin iska na gefen distiributa, wadda aikinta shi ne gabatar da wuta idan mota ta miƙe hanya, ta huje, ƙarafunan da ke buɗewa a ciki idan injin ya ɗauki gudu su ma sun cije da tsatsa.

Illar makarar wuta ita ce man ba ya gama ƙonewa a cikin silinda, inda ya kamata ƙarfinsa ya tura fistin. Bawul ɗin fitar hayaƙi yana buɗewa alhali wutar tana ci, sai ragowar ta ƙarasa ƙonewa a cikin manifol, dab da kan wayar fulogi. A kan wannan kuma aka ƙara wata matsalar, domin an rage wa kafiretar mai fiye da kima. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu manyan injina da dama suna roƙon bakanikai su shaƙe musu kafireta, kuma ban ga laifin mai neman sauƙi ba, sai dai injin da ke jan nauyi yana buƙatar mai ya ɗan fi yawa a lokacin hawa, saboda wannan rarar ita ce ke sanyaya cikin silinda. Ma'aunin da fetur ke ƙonewa daidai shi ne kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, amma a ƙarƙashin kaya ana son ya sauko zuwa wajen 12.5 ko 13. Idan aka hana injin wannan, ɗan abin da aka yi tsiminsa a gidan mai zai fita ta wajen wayoyi da gaskit, wani lokaci ma manifol ɗin kansa ya tsage.

Bayan ya canja gwangwanin, ya wanke ƙarafunan, ya mayar da taimin inda takardar da ke manne a jikin injin ta nuna, ya kuma daidaita kafiretar, sai aka zo kan wayoyin. Kaurinsu milimita 8 ne, kuma a wajen fulogi, maimakon roba, farin tangaran ne mai kama da jikin fulogin kansa. Suna shiga da ƴar ƙara da ke tabbatar da cewa sun kama, kuma duk zafin watan Afrilu da hawan da ake yi bayan Jengre ba su canja musu launi ba. Misin ya ɗauke gaba ɗaya, shan mai ya ragu fiye da yadda yake a lokacin da kafiretar take shaƙe, kujerar direba ma ta daina ɗaukar zafin da ta saba.

Wayoyin suna da aibunsu, kuma ya kamata mai saye ya sani. Kuɗinsu ya ninka na wayoyin kasuwa sau da yawa, kuma ban same su a Kaduna ba, sai da aka yi mini odarsu daga waje. Tangaran ba ya lanƙwasa, don haka a silindojin baya, inda hannu ke shiga da ƙyar, cire su aiki ne na haƙuri, kuma yaron gareji da ya saba fizgar waya da filaya zai iya fasa guda cikin ƙiftawar ido. Dole ne a shafa ɗan man silikon a cikin kan kafin a sa, in ba haka ba yakan manne wa fulogin. Sannan kan ne kawai tangaran, wayar kanta silikon ce, idan ta kwanta a kan manifol za ta ƙone kamar kowace waya, wanda shi ne amfanin rigunan zaren gilashin. Su kuma rigunan suna sa hannu ƙaiƙayi, suna kuma shan baƙin mai idan gaskit ɗin murfin bawul yana yoyo, ƙura ta taru a kansu, saboda haka sai da na canja wannan gaskit kafin su zauna da tsabta.

Akwai wani abu ƙarami da dattijon ya kula da shi wanda ya ƙara mini yarda da aikinsa. Tsarin tashin wuta a wannan injin shi ne 1-8-4-3-6-5-7-2, kuma silinda ta 5 da ta 7 suna maƙwabtaka a gefe guda, ga shi suna tashi ɗaya bayan ɗaya, don haka idan wayoyinsu suka jeru manne da juna, wutar ɗaya tana iya tayar da ɗayar kafin lokacinta. Ya raba su da maƙalan roba, ya hana a ɗaure su da waya wuri guda kamar yadda aka saba.

Ya kuma nuna mini ramukan noti inda ƙananan garkuwan ƙarfe da kamfani ya sa tsakanin fulogi da manifol suke a da, waɗanda aka cire a wani gyara ba a mayar ba. Guda biyu kawai suka rage a jikin injin, sai na ɗauki ɗaya na kai Panteka, inda wani maƙeri ya auna ta ya yanko mini sauran daga farantin ƙarfen da ba ya tsatsa, ya bar ƴar tazara domin iska ta riƙa wucewa ta bayansu.