Zauren masu ciwon jijiyoyin ƙafa a intanet: inda yake da amfani da inda ake yin hattara

Zauren da nake sharhi a kansa na masu fama da lalacewar jijiyoyin ƙafa da hannu ne, wato jijiyoyin da suke ɗaukar saƙon ji da motsi. Ana zama ta bidiyo sau ɗaya a mako, kimanin awa guda, akwai kuma dandalin rubutu da ba ya rufewa dare da rana. Mai jagorancin zaman shi ma majinyaci ne, sai dai wata ma'aikaciyar jinya takan leƙo jefi-jefi. In dabarun zaman yau da gobe kake nema, da wuya ka sami kamarsa. In kuwa aka shiga zancen magani, ka saurara da kunne ɗaya.

Abin da zauren ya fi iyawa shi ne koya wa mutum yadda zai yi wa likita bayani. "Ƙafata tana ciwo" ba ta isar da komai. Tsofaffin 'yan zauren suna sa sabon shiga ya riƙa rubuta abu huɗu kullum: ƙarfin ciwon daga 0 zuwa 10, lokacin da ya fi tsananta, irinsa (ƙuna ne, suka ce irin ta allura, fizga ce irin ta lantarki, ko sagewa), da kuma iyakar inda ya kai, yatsu ko idon sawu ko gwiwa. Na ƙarshen nan yana da dalili. Jijiyoyin da suka fi tsawo su ne suke fara lalacewa, shi ya sa abin yakan fara daga yatsun ƙafa biyu ya riƙa hawowa a hankali, kuma sau da yawa sai ya kusa gwiwa kafin yatsun hannu su ɗauka. Wanda nasa ya zo cikin 'yan kwanaki tare da raunin ƙafa, asibiti zai nufa nan take, ba zaure ba. Mai jagoranci yana nanata wannan, kuma na yaba masa.

Sai kula da ƙafa, wanda nan ne zauren ya ciri tuta. Ƙafar da ba ta ji ba ta kai ƙara, don haka ido ne zai yi aikinta. A duba ta kowane dare, har tsakanin yatsu, a sa madubi a ƙasa don ganin tafin. A zazzage takalmi a zura hannu ciki kafin a saka, domin ɗan tsakuwa zai iya wuni yana cin fata ba a sani ba. Ruwan wanka a taɓa shi da gwiwar hannu, ko a auna kada ya wuce digiri 37. A shafa mai a dunduniya da tafi, ban da tsakanin yatsu, saboda damshi a nan yana jawo ruɓewar fata. Safa fara ta fi baƙa, don ɗigon jini yana fitowa a kanta. Takalmi kuma a gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura.

Akwai dabaru biyu da ba kasafai ake jin su a ɗakin likita ba. Wanda mayafi kawai in ya taɓa yatsunsa sai ya ji kamar an ɗora masa garwashi, ya sa wani abu mai ɗan tsayi a ƙarshen gado ya ɗage mayafin. Wanda kuma yake tangaɗi a duhu ya bar ƙaramar fitila a hanyar banɗaki, ya kuma zauna a kujera in zai wanke fuska. Da zarar ya rufe ido, ya rasa abin da yake gaya masa inda ƙasa take.

A kan magani, amfanin zauren ɗaya ne: rage dogon buri. Farasitamol ba ya cika taɓa irin wannan ciwo. Abin da likitoci suka fi rubutawa shi ne amitriptyline, duloxetine, gabapentin ko pregabalin, ana farawa da kaɗan ana ƙarawa, kuma sai an yi makonni kafin a san ko ya karɓi mutum. In ciwo ya ragu da kashi ɗaya cikin uku ko rabi, an ci nasara ke nan. Jin haka daga bakin wanda ya shekara yana sha yana hana mutum watsar da magani a sati na biyu don jiri ko bushewar baki. Ba a kuma tsayar da su farat ɗaya, sai a hankali da sanin likita.

Matsalar tana farawa ne daga "ni dai abin da ya yi mini aiki". Alamomin iri ɗaya ne, amma musabbabin daban-daban. Wani ciwon suga ne, wani ƙarancin bitamin B12, wani giya, wani maganin cutar daji, wani maganin tarin fuka na isoniazid. Mai shan isoniazid ana ba shi bitamin B6 don kare jijiyoyinsa, sai ya shigo yana yabonsa, alhali yawan shan B6 na tsawon lokaci shi kansa yana lalata jijiya. Wani ya ce a tsoma ƙafa a ruwan sanyi, ga wanda ake yi wa ƙarin maganin cutar daji na oxaliplatin kuwa sanyi ne yake tayar masa da ciwon. Shawarar ɗumama ƙafa da robar ruwan zafi ita ce ta fi ba ni tsoro, domin ta haka ake ƙonewa ba a ji ba. Ba kullum ake goge irin waɗannan saƙonni da wuri ba, musamman cikin dare. Shawara mai kyau a wannan fanni ita ce wadda take mayar da kai asibiti da tambaya, misali mai shan maganin suga na metformin shekara da shekaru ya nemi a auna masa B12.

Akwai kuma 'yan talla da suke shigowa da rigar majinyata, su bi mutum ta saƙon sirri da maganin da wai yana tsiro da sabuwar jijiya. Toshe su kawai.

Wani abin lura: waɗanda suka sami sauƙi sukan daina zuwa, sai muryar masu tsananin ciwo ta yi yawa. Sabon shiga zai iya ɗauka makomarsa ke nan, alhali ba dole ba ne. Ga wanda aka gano masa ciwon kwanan nan, na fi son ya fara da zaman bidiyo, inda akwai mai daidaita magana, ya jinkirta shiga dandalin rubutu. In yatsunsa sun sage har danna waya tana ba shi wahala, ana karɓar saƙon murya.