Na ɗauka watsa fenti ne kawai

A da in na ga zanen Jackson Pollock, wani mai zane ɗan Amurka, a waya sai in yi tsaki, in ce ai ko autana aka miƙa wa gwangwanin fenti zai yi wannan kafin a idar da sallar la'asar. Da wannan rainin na shiga kwas ɗin da gidan adana zane na MoMA da ke New York ya ɗora a Coursera, dandalin karatu ta intanet, kan masu zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai, na bayan yaƙin duniya na biyu.

Abin da ya burge ni da malamin, Corey D'Augustine, shi ne ba ya cika mutum da surutu. Fenti yake ɗauka a gaban kyamara ya nuna maka da hannunsa. A darasin Pollock na gane cewa tsakanin 1947 da 1950 a ƙasa mutumin yake shimfiɗa yadinsa, a wani tsohon sito a Long Island, yana zagaya shi da sanda yana tsiyaya fentin mai irin wanda ake shafa wa ƙofa. Zanensa One: Number 31, na 1950, faɗinsa ya haura mita biyar.

Sai na ce bari in gwada. Na sayo akoko yadi biyu da baƙin fenti, na sirka da kananzir, na baje a tsakar gida. Wallahi nan na sha mamaki. Inda hannuna ya yi sauri, layi ya fita siriri kamar zare, da rai a jikinsa. Inda na yi shakka ko na daƙiƙa ɗaya, fenti ya taru ya yi dunƙule ya tona min asiri. Da na koma na kalli na Pollock, sai na soma ganin inda ya zabura, inda ya lafa, inda ya sunkuya. Jikinsa duka yana cikin zanen.

Darasin de Kooning, wani mai zanen da ke cikin kwas ɗin, shi ma ya yi daɗi, musamman yadda yake kankare fenti ya sake lafta wani. Na mai zane Rothko kuwa bai shige ni ba, laifin ƙaramin allon wayata ne ina jin.

Wanda zai shiga ya tanadi data, kuma ya shimfiɗa leda tukuna. Har yau uwargida tana nuna min baƙin tabon da ke kan siminti tana cewa, "Maigida, ga aikin naka nan."